Flash ya rasu, ku daina kai masa magani

Na san ƙorafinku tun kafin ku buɗe baki: "Kwamfutata lafiyarta ƙalau, sai da Windows ta yi sabuntawar nan ta dare, gari na wayewa ga saƙo wai Flash Player ya tsufa." Laifi ya hau kan sabuntawa, yatsa kuma har ya kama hanyar jan maɓallin. Alhaji, dakata tukuna.

Wanda ake cewa ka sabunta ɗin ya daɗe da rasuwa. Adobe, mai shi, ta sanar da ranar ajalinsa tun Yulin 2017, ta janye hannu ranar 31 ga Disambar 2020, daga 12 ga Janairun 2021 kuma ta hana shi aiki. A wannan Janairun Chrome 88 da Firefox 85 suka sallame shi, Microsoft kuwa tun Oktoban 2020 ta fitar da sabuntawa mai lamba KB4577586 wadda ba ta da wani aiki sai cire shi. Kai kaɗai ne ba ka je ta'aziyya ba.

"To wa ke turo saƙon?" Yauwa Hajiya, ke kika yi tambayar. Ɓarayi ne. A Oktoban 2017 da irin wannan saƙo aka yaɗa muguwar manhajar Bad Rabbit a Rasha da Yukiren, ta kulle wa mutane fayiloli, aka ce sai sun biya fansa. Lokacin ma Flash na da rai, masu dannawa na da ɗan uzuri. Kai fa?

Ina jiyo wani daga baya yana cewa shi ya danna shekaranjiya bai ga komai ba. Malam, da sallama kake jira ya yi maka?

Duba inda saƙon ya ɓullo. In a cikin shafi ne, rufe shafin, magana ta ƙare. In kuwa yana leƙowa ta kusurwar allo alhali ba ka buɗe shafin ba, wata rana ka danna "Allow" cikin gaggawar kallon ƙwallo. Kar ka rantse, mun san ka. Shiga saitin burauza, wajen sanarwa, ka soke izinin. Ka leƙa jerin ƙananan manhajojin da aka maƙala mata, wadda ba ka san ranar zuwanta ba ka kore ta. Burauzar kuma daga cikin saitinta ake sabunta ta. Sannan ka sa Windows Security ta bincike kwamfutar.

Masu ƙorafin gaskiya su ne 'yan ofis da tsohon shafin aikinsu ke neman Java ko Silverlight. Chrome ta daina karɓar irinsu tun 2015, don haka mai gyaran shafin za ku tasa gaba, ku bar cire sabuntawar Windows. Kai kuma da tsofaffin wasannin Flash ne damuwarka amma kake fakewa da aikin ofis, nemi Ruffle, yana buɗe da yawa daga cikinsu. Ba za mu gaya wa oga ba.