Dokin mai baki ya fi gudu

Ku matso da kujerunku, jama'a, yau magana nake ji, kuma ba da kowa nake ba. Ban kama suna ba, ba kuwa zan kama ba. In kun ga wani ya soma gyara zama yana duba agogo, ku ƙyale shi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Nuwamba ta raba, an gama wasanni goman kakar bana, kociyoyin rukuni sun zauna sun fitar da sunayen gwanayen shekara. Shi ke nan sai wani bawan Allah ya wayi gari da zazzaɓin an cuce su. Wai yaronsu mai jefa ƙwallo shi ya cancanci kambun gwarzon rukuni, aka yi ƙulle-ƙulle aka ba wani, shi kuma aka jefa shi sahu na biyu. Tun ranar ba mu huta ba. A wurin shan kofi maganar ke nan, a bakin ma'ajiyar motoci ita ce, har mai shara ya san yadi nawa yaron ya jefa a watan Satumba.

To bari mu tuna wa juna inda muke, tunda wasu sun manta. Ƙwallon Amurka ne na ƙananan kwalejoji, mataki na uku na hukumar NCAA, inda ba a ba yaro ko sisi na tallafin karatu don ya iya wasa. Iyayensu ke biya, ko bashi, ko kuma ƙwaƙwalwarsu ta samo musu ragi. Ranar Asabar a yi karo da su har sai an ji ƙarar kwano daga bayan fili, ranar Litinin da ƙarfe takwas ka ga ɗayansu yana ɗingishi zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ƙanƙara ɗaure a gwiwa da leda. Su da suka sha dukan ban ji ko ɗaya ya ce an zalunce shi ba. Yaron da ake ta yi wa kuka ma, na gan shi da idona ya je ya rungumi wanda aka bai wa kambun. Yaro ne mai tarbiyya, Allah ya yi masa albarka. Masu ɗaukar dumar magaji da nishi su ne suka hana gari barci.

Wai lambobi ba sa ƙarya. Haka ne, amma mai riƙe da lambobin fa? Mu tambaya a hankali: waɗannan yaduddukan da ake ta yi mana kirari da su, a kan wa aka tara su? A kan makarantun da da ƙyar suke cika bas guda da 'yan wasa. An riga an yi musu fintinkau tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, amma aka bar yaro a fili har zango na huɗu yana jifa, don takarda ta yi kyau. Kociyoyin da suka kaɗa ƙuri'a ba takarda suka duba ba. Su ne suka kwana suna maimaita bidiyon wasa, su suka san wane yaro ne ya hana su rintsawa mako guda kafin su gamu da shi. Wanda ya tsorata su, shi suka zaɓa. In mutum yana ganin ya fi su sanin wanda ya ba su tsoro, sai ya je ya gaya musu, ofisoshinsu ba a ɓoye suke ba.

Kuma akwai wata Asabar a watan Oktoba da ba a son a tuna. Ranar da zakarun rukuni suka zo har gida, ana yayyafi, bencin ƙarfen nan ya yi sanyin da yake ratsa wando biyu. Iyaye mata sun lulluɓa da barguna suna kaɗa ƙararrawar shanu, wani dattijo yana rabon koko mai zafi daga filas. Mun zauna mun ga abin da muka gani, har aka busa tashi. Ni dai na lura da wata mota a ma'ajiya, injinta a kunne, gilasanta sun yi gumi, a ciki akwai mutum sanye da rigar makaranta sabuwa fil, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ban ce na gane fuskar ba, gilas ya yi hazo. Abin da ya ba ni mamaki, da yamma mai irin wannan rigar shi ya fi kowa sanin inda alƙalin wasa ya yi kuskure.

Ga wata 'yar jarrabawa mai sauƙi. Duk mai cewa an danne haƙƙin mai jifa, ya lissafo mana sunayen ƙattan nan biyar da suke tsaye a gabansa suna tare masa mutane. Biyar kacal. A'a, biyu ma sun isa. Su ba su da lamba ko ɗaya a takarda, sai yatsu a naɗe da filasta. Amma Ali Marpet a irin wannan layin ya yi wasa a kwalejin Hobart, a 2015 Tampa Bay ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen NFL, har ya ci Super Bowl da su. Masu ido sun gan shi ba tare da lissafin yadi ba. Wani kuwa in ƙwallo ba ta sama, bai san ana wasa ba.

Sai maganar shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, wadda ita ce uwar gardamar. Ƙofa biyu ce, kowa ya sani. Ta farko a buɗe take: ka ci rukuninka, ka shiga kai tsaye, ba mai tambayarka komai. Wanda ya kasa wannan sai ya koma layin masu jiran ragowar kujeru, tare da duk sauran waɗanda suka kasa daga ko'ina a faɗin ƙasar, cikin makarantu sama da 200. Shekara da shekaru ƙungiya 32 ake ɗauka, mutumin namu yana cewa ƙofar ta yi ƙunci, kwamiti kuma 'yan son kai ne, sun fifita na yankinsu. A 2024 aka faɗaɗa zuwa 40, aka kuma miƙa rabon ragowar kujerun ga lissafin da ake kira NPI, wanda yake auna wa ka ci, wa ya ci ka, da ƙarfin waɗanda ka kara da su. Muka ce to alhamdu lillahi, za mu sarara. Ina! Yanzu kwamfuta ce ba ta ƙaunar makarantarsu. Ko ta taɓa zuwa garin aka hana ta ruwa, oho.

Ku dubi yadda ake cika takardar goge baki da zane-zane a teburin mai kofi. In wane ya ci wane, wane kuma ya faɗi a hannun wane, sannan aka yi dusar ƙanƙara a wani gari, to mun shiga. Mutum ya koma yi wa makarantun da bai taɓa jin sunansu ba addu'ar faɗuwa, yana bin sakamakonsu a waya har tsakar dare. Har da wani sabon ilimi: mun ci su wane, su wane sun taɓa wahalar da su wane, saboda haka mun fi zakarun ƙasa. Da wannan lissafin ai ni ma na kusa zama gwamnan jihar nan, don na taɓa gaisawa da wanda ya gaisa da direbansa. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Ƙasa ta samu a Oktoba, mun ga wanda bayansa ya taɓa ta.

Wai kuma rukuninsu ya yi musu kaɗan, sun fi ƙarfin kowa. Wanda ya fi ƙarfin rukuni ba ya bukatar sanarwa. St. Thomas ta Minnesota ta ci St. Olaf 97 da nema a 2017, zuwa 2019 shugabannin rukunin MIAC suka nuna mata ƙofa saboda ta yi musu girma, a 2021 ta haye mataki na ɗaya gaba ɗaya. Wannan shi ne fin ƙarfi, har sai maƙwabta sun yi taro a kanka. Wasu kuwa ban ji an taɓa kiran ko ɗan ƙwarya-ƙwaryar zama saboda su ba.

To a ce ma an shiga. A ce ranar Lahadi an karanto jerin, sunan ya fito, an yi tsalle an karya kujera. Sai kuma ina? Sai a hau bas a nufi wani wuri kamar Alliance ta jihar Ohio, gidan Mount Union, masu kofin ƙasa 13. Larry Kehres ya riƙe su daga 1986 zuwa 2012, a shekara 27 ɗin nan sau 24 kacal aka ci shi. Akwai makarantun da kan tara wannan adadin kafin yaro ya gama digiri, ban dai ce wace ba. Ko a tura ku Whitewater ta Wisconsin, inda Lance Leipold ya ɗaga kofi 6, su da Mount Union suka yi ta haɗuwa a wasan ƙarshe na Stagg Bowl shekara bakwai a jere, daga 2005 zuwa 2011, sai ka ce gado aka bar musu. Ko Naperville, wajen North Central, da suka ci a 2019 da 2022 da 2024. Can ba a karɓar takardar goge baki a bakin ƙofa.

Kada a ce na ce manya ba sa faɗuwa. Suna faɗuwa, kuma daɗin wasan ke nan. A 2003 St. John's ta tsinke wa Mount Union nasara 55 a jere a wasan ƙarshe, 24 da 6. A 2016 John Carroll ta ci Mount Union a cikin rukuni bayan shekaru ba wanda ya iya. A 2023 Cortland ta doke North Central 38 da 37, da maki guda tal, ta ɗauki kofin. Amma dukansu kwano suka sa suka shiga fili, ba wanda ya yi nasararsa daga cikin mota.

Wannan St. John's ɗin ma, kocinta John Gagliardi yana da shekara 77 lokacin, shi ne kuma ya yi ritaya da nasara 489, fiye da kowane koci a tarihin ƙwallon kwaleji. Ba ya amfani da usur a wajen atisaye, ba ya barin yara su kayar da juna a ranakun horo, bai ma yarda a kira shi koci ba, sunansa kawai yake so a kira. Kambun gwarzon mataki na uku na ƙasa baki ɗaya sunansa aka sa masa tun 1993. Ga mai nasara 489 yana gudun laƙabi, ga wani ko kwano bai taɓa sawa ba, amma in ba ka ce masa masani ba sai ya ƙi amsa sallama.

Af, kafin in manta, tunda duk ƙaunar yaran nan ce ta tara mu. Walimar ƙarshen kaka tana nan tafe, inda za a kira kowane yaro a miƙa masa takardarsa, har da na benci da bai taɓa shiga wasa ba amma bai fasa atisaye ko sau ɗaya ba. Iyaye mata ne ke haɗa kuɗin abinci, takardar gudummawa tana zagayawa tun makon jiya. Matar da ke wankin rigunan 'yan wasa ta sa hannu, direban bas ya sa, dattijon nan mai koko ya sa sau biyu. Na bi jerin daga sama har ƙasa, na juya bayanta, akwai sunan da ban gani ba. Wataƙila biron ne ya ƙare wajen lissafin wa zai ci wa. Ga nawa nan a kan tebur, yana rubutu sarai, kuma ana karɓa har ranar Alhamis.