Yadda Ake Tara Littattafan Gwanayen Wasa a Damagaram

A Ingila akwai masu ƙarar da dukiya wajen farautar tsofaffin littattafan wasan kurket, musamman kundin Wisden da ke fitowa duk shekara tun 1864. Mutumin Zinder da wannan ciwo ya kama, ya fara da iya bakinsa. In ya shiga Kasuwar Dole yana cigiyar kurket, kunnen da ya saba da Faransanci fara zai ji, kafin ya ankara an auno masa tiya guda soyayya, har da yaji.

Gara ya dawo wasan gida, wato kokawa. Gwanaye kam ga su nan: Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin gasar ƙasa na farko a Tawa a 1975, da Salma Ɗan Rani, da Kadade, da Langa-Langa da filin kokawar Zinder ke amsa sunansa. Littattafan ne dai sai an tona.

Don haka ya ƙulla zumunci da mai ƙosai da mai tsire, su ne manyan ma'adana takardu. Kafin ya kai loma, ya buɗe ƙunshin a hankali ya duba: wataƙila tsohon shafin Sahel Dimanche ne, ga ɗan kokawa ya sha layu har wuya, mai ya cinye rabin fuskarsa. Kada ya nuna zumuɗi. Da zarar ya ce "Allah sarki, Kantu!", takardar da ake bayarwa kyauta ta koma jaka biyu.

Kaset ɗin Sagalo, mawaƙin 'yan kokawa, ma littafi ne, in ya sami rediyon da ba ya tauna zare.

Sai batun ajiya. Gara ba ta san zakara ba, ƙurar hunturu ma haka. Ya nemi akwatin ƙarfe, ya ɗora bisa duwatsu, ya kuma gargaɗi uwargida cewa wannan takarda ba ta hura gawayin shayi ba ce.

Babban kundin kuwa yana zaune a kan tabarma a ƙofar wani gida cikin Birni. Mai tarawa ya tafi da goro, ya gaida baba, ya tambayi wanda ya taɓa kada Langa-Langa. Ya riƙe alƙalami da kyau, domin tsohon da ke gefe zai ƙaryata labarin tun ba a kai tsakiya ba.