Yadda Ake Sarrafa Babban Taron Ƙaramar Jam'iyya

Mutanen Panshekara sun san masana'anta. Wanda bai yi aiki a majemun fata na Challawa ba, ya yi a kamfanonin roba na Sharada, ko kuwa mahaifinsa ya yi a masaƙun Bompai kafin a garƙame su. Don haka ba za su sha wahalar gane babban taron ƙasa na ƙaramar jam'iyya ba, domin shi ma masana'anta ne, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da rashin wuta da kayan China suka kasa durƙusarwa. Bambancinsa da sauran shi ne yini ɗaya tak yake aiki a shekara huɗu, kuma idan aka zuba jam'iyya ɗaya ta ƙofar gaba, biyu ke fitowa ta ƙofar baya.

Ba don marmari ake yin sa ba, doka ce ta tilasta. Sashe na 223 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole kowace jam'iyya ta riƙa zaɓen shugabanninta, kada wa'adinsu ya wuce shekara huɗu, kuma su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar nan, wato jihohi 24. Sashe na 222 ya ce hedikwata ta kasance a Abuja, amma bai faɗi girman ɗakin ba, kuma an gode masa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙara da cewa a sanar da INEC kwana 21 kafin taro, domin ta turo jami'inta ya sa ido. Gane jami'in nan ba wuya. Shi ne mutum ɗaya a zauren da zai koma gida ba tare da muƙami ba.

Sana'ar tana da asali a Kano. Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka zauna a Sabon Gari suka kafa NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Har yau ana girmama wannan adadi, domin akwai jam'iyyun da ba su taɓa yarda 'ya'yansu na gaskiya su haura takwas ba. A zamanin nan wakili shi ke biyan kuɗin motarsa, sai an nemi izinin En'e kafin a taru, kuma alawus ɗin da ake rabawa bayan taro bulala ce da ɗauri a gaban alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta karɓi nata sau da dama. Tun da aka soke wannan tsari aka koma ambulan, yawan masu kishin talaka ya ƙaru ƙwarai da gaske.

A 1978 Malam Aminu Kano ya kafa PRP mai alamar makulli. A zaɓen 1979 ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa, aka soke haraji da jangali. A 1980 gwamnatin Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu, saboda haka duk leburan Challawa da ya taɓa yin barcin safe a wannan rana ya ci moriyar jam'iyyar ko bai yanki katinta ba. A wannan lokaci ne kuma fasahar taro ta cika. Jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo: gwamnonin biyu da dattijon ƙungiyar ƙwadago Michael Imoudu a gefe ɗaya, Malam da uwar jam'iyya a ɗaya gefen. Kowane tsagi ya zauna ya tabbatar wa kansa cewa shi ne jam'iyyar, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta tsaya wa ɓangaren Malam. An tsige Balarabe a Yunin 1981, Rimi ya koma NPP a 1983, Sabo Bakin Zuwo ya karɓi Kano ya yi wata uku soja suka zo.

Dole a faɗi gaskiya, rigimar wancan zamani tana da naƙasu ɗaya, shi ne tana da dalili. Ana jayayya ne kan ko a sassauta wa gwamnatin NPN, ko a haɗa kai da gwamnonin UPN da GNPP a yaƙe ta. Irin wannan yana cin lokaci, yana kuma buƙatar karatu. Injinan zamani suna raba jam'iyya biyu ba tare da an saɓa a kan komai ba, in ban da wanda zai riƙe hatimi da takardar rajista.

Kasuwar ta buɗe sosai a 2002, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe yawancin sharuɗɗan da INEC ta gindaya wa masu neman rajista, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Balarabe Musa. Zuwa 2019 jam'iyyu sun kai 91, masu neman shugabancin ƙasa 73, takardar ƙuri'a ta yi tsawon da sai an naɗe ta da hannu biyu. A Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar 74, abin da ya jefa masu buga fosta da masu hayar kujerun roba cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Ga yadda aikin ke gudana a ranar. Deliget daga Panshekara zai roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa aikin dare, ya hau adaidaita sahu zuwa tasha, a cusa shi a bas da wasu mutum goma sha bakwai. Kafin a kai Zariya za a raba hula da riga, kafin a kai Kaduna za a gaya masa sunan jam'iyyar, kafin a shiga Abuja kuma za a sanar da shi cewa yau shi ne wakilin jihar Bayelsa. Takardar gayyata ta ce ƙarfe goma na safe, don haka ana farawa bayan la'asar, a zauren otal da aka kama na rabin yini. Za a yi addu'a iri biyu, a yi taken ƙasa, shugaba ya karanta jawabin da ke bayyana cewa jam'iyya mai mulki ta firgita da ganin wannan cincirindo.

Daga nan sai babban aiki. Wani zai miƙe ya kawo ƙudurin rusa shugabanni, wani ya mara masa baya. Shugabannin za su sauko daga kan mumbari cikin ladabi, su tsaya a gefe riƙe da jakunkunansu. A cikin 'yan mintocin nan jam'iyyar ba ta da shugaba ko ɗaya, kuma ba a taɓa jin wani abu ya lalace ba. Sai a sanar cewa an cimma maslaha, kowace kujera mutum ɗaya ne ya sayi fom. “Masu goyon baya su ce eh!” Zaure ya amsa. “Waɗanda ba su yarda ba fa?” A nan mai kula da lasifika yakan saki kiɗa. Sababbin shugabanni su hau su zauna a kujerun da ko hucewa ba su yi ba, a rantsar da su, a yaba da yadda aka miƙa mulki cikin lumana.

Kayan da ake fitarwa a ƙarshe shi ne ɗan takarar shugaban ƙasa, kuma amfaninsa ya danganta da kasuwa. Akwai wanda ake ƙerawa domin ya janye wa wani ana saura mako biyu zaɓe, “saboda kishin ƙasa”. Wani lokaci ma jam'iyyar ba ta ɓata lokaci: a Janairun 2019 Oby Ezekwesili ta janye daga takara a ACPN, nan take jam'iyyar ta mara wa Buhari baya, mutumin da ta tsayar da ita domin ta kayar. PRP kuwa, jam'iyyar talakawa, a 2022 ta tsayar da Kola Abiola, ɗan marigayi attajiri MKO Abiola, ta tabbatar wa duniya cewa ba ta nuna wa kowa wariya.

Amma riba mafi tsoka tana ga mai haƙurin ajiye tikiti a sito. NNPP ta Boniface Aniebonam ta yi kusan shekara 20 tana tarukanta ba wanda ya tambaye ta ina kwana, sai a Maris ɗin 2022 Rabi'u Musa Kwankwaso ya shigo da jajayen huluna. Cikin shekara guda ta ci gwamnan Kano da Abba Kabir Yusuf. Kafin 2023 ta ƙare, wani tsagi ya sanar da korar Kwankwaso, ɓangarensa ya ce masu korar ne korarru, aka ɗunguma kotu. Wannan ba alamar lalacewar inji ba ce. Haka aka ƙera shi.

Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci, idan aka zo neman deliget a unguwarku, ka tafi da katin zaɓenka da bargo, ka haddace sunan jihar da aka ba ka, kada ka tafa kafin na gabanka ya tafa. Kuɗin motar komowa kuwa ka karɓe shi a hannu tun kafin shugaba ya fara jawabi, domin da zarar an rusa shugabanni, ma'aji ma yana cikin waɗanda aka rusa.