Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Mota Mai Ɗaki

 Da fatan kin huta, domin a cikinmu duka ke kaɗai kika samu hutun da muka biya kuɗinsa.

Na rubuto ne kan alkawarin da aka ɗauka da sunanki ranar da muka ɗauko ki haya a Ingila. Yaron kamfanin ya zagaya da mu cikinki kamar dillalin gida: ga gado a saman direba, ga murhun gas, ga firij, ga banɗaki. Ya ce da ke ba ruwanmu da otal, inda dare ya yi mana nan ne gida. Maman yara ta ji daɗin zancen, don za ta dafa abin da ta yarda da shi, ba sai ta tsaya tana tambayar masu abinci me suka zuba a miya ba. Ni kuma burina Andalus. Ina so yarana su tsaya cikin ginshiƙan masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785, su san cewa Imam Ƙurɗubi da suke jin sunansa a wajen tafsiri ɗan wani gari ne na gaske. Daga nan mu wuce Garnaɗa, fadar Alhamra, wadda tikitinta ke ɗauke da rana da sa'a, in ka makara ka yi asara.

Ba zan ɗora miki laifin layin Dover ba. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bincike ya ƙaru a bakin ruwan, kuma a lokacin sai jami'an Faransa sun buga hatimi a fasfon kowa kafin a hau jirgi. Tsallakawa zuwa Calais awa ɗaya da rabi ce, jiran kuwa ya ninka haka. A nan ma har na yaba miki, domin masu ƙananan motoci suna ta matse ƙafa, mu kuwa muna shan shayi.

Da muka taka ƙasar Faransa kika fara nuna hali. Sitiyarinki na dama, su kuwa akwatunan biyan kuɗin hanya duk suna hagu, saboda haka a kowane shinge sai maman yara ta fito da rabin jikinta ta taga tana miƙa kati, mayafi na kaɗawa, na baya suna danna oda. Kuɗin ma ba irin na ƙananan motoci ake cajinmu ba, tsayinki ya kai mu wani aji. Cikin gari kuwa, wuraren ajiye mota da yawa an gitta musu ƙarfe a daidai mita biyu, ke kuma kin kusa uku. Faris daga nesa muka ɗaga mata hannu. Sannan akwai akwatin banɗakinki, wanda yaron kamfanin ya ambata cikin sauri yana kallon gefe. Ashe mutum ne zai zaro shi da hannunsa, ya ja shi gaban jama'a zuwa ramin zubarwa. Aikin ya faɗo kan maigida, ba tare da an yi shawara ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar magana ita ce hanyar A75, bayan an wuce Clermont-Ferrand, inda titi ke hawa har ya haura mita 1,100. Na zaɓe ta ne don yara su ga gadar Millau, wadda aka buɗe a 2004, mai tsayin mita 343, ta ɗara hasumiyar Eiffel. A kan hawan nan wata fitila ta kunnu a gabana, ƙarfinki ya tafi, kika koma tafiyar hawainiya, manyan tireloli na wuce mu suna huci. Kika ja gefe kika yi shiru. Na sa rigar nan mai walƙiya da doka ta wajabta, na kwashe iyali zuwa bayan ƙarfen titi, autana yana tambaya ko mun iso Andalus. A babban titin Faransa ba ka kiran makaniken da ka ga dama, janwen da hukuma ta amince da shi ne kaɗai zai ɗauke ka. Ya zo, ya ɗora ki a bayansa, kika hau kina kallon tsaunuka, mu muka cushe a gaba.

A gareji na gane abin da yaron nan bai faɗa ba. Mai ƙaramar mota in ta lalace, ya bar ta wajen makanike ya koma masauki ya kwanta. Mai gida in famfonsa ya fashe, ya hau mota ya tafi gidan ɗan'uwa. Ke da kika haɗa biyun, rana ɗaya kika raba mu da mota da gida. Gadonmu, tukwanenmu, garin tuwo da yajin da aka ƙullo tun daga Birmingham, duk aka ja ƙofar gareji aka kulle da su. Washegari 15 ga Agusta, ranar hutu a duk faɗin Faransa, a watan da masu sana'a da yawa a ƙasar ke rufe shago su tafi bakin teku. Jihar da kika zaɓa kuma Lozère ce, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar ƙarancin mutane. Shanu dai akwai su, masha Allah.

Makaniken mutumin kirki ne. Ya jona ki da kwamfuta, ya karanta, ya ɗaga kafaɗa ya ce wata 'yar na'ura ce a hanyar hayaƙi, sai an aiko da ita mako mai zuwa. Na roƙe shi ya ɗaure da waya mu lallaɓa, ya dube ni kamar na nemi ya yi sata. Layin taimakon kamfanin kuwa kiɗa ya yi ta sa mini, har yara suka haddace shi.

Kin jefa ni ma cikin mas'ala. Tun daga Dover nake ƙasaru, ina ɗan tunanin ko mutumin da ke tafe cikin ɗakinsa matafiyi ne. Maganar makanike ta raba gardama, domin a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ya zama mazauni. Haka na koma cika salla a garin da ban taɓa jin sunansa ba. A ƙaramin otal ɗin da muka samu, abincinmu aligot, dankali da cuku da ake tuƙawa har ya riƙa miƙewa kamar tuwon da ya sha yauƙi, kullum muna roƙo kada a ɗora masa tsiran alade. Ranar da tikitin Alhamra ya cika, maman yara ta dubi agogo ta ce, “Alhaji, yanzu fa da muna ciki.” Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da aka gyara ki sauran hutun bai wuce na komawa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, daga Lozère har Calais ko tari ba ki yi ba.

Yanzu kamfaninki ya rubuto cewa zai cire wani abu daga kuɗin ajiyata saboda ƙarzuwar da ke gefenki na hagu. Hajiya, ni da ke mun san sarƙar janwe ce ta yi ta, lokacin da kike kwance a bayansa. Tunda kwamfutarki na iya ba makanike labarin cikinki dalla-dalla, ki daure ki faɗa musu wannan ma.

Naki,
Wanda ya ja miki akwatin banɗaki