Ranar da wayar Kawu ta yi wa surukinsa jan fenti

Kawuna yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma kamar yawancin 'yan kasuwar Kano, rabin dukiyarsa tana hannun mutane. Littafin bashinsa ya tsufa har bangon ya rabu da shi. Da na koyi rubuta manhajar Android, sai na ga dama ta samu da zan nuna wa dangi kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Na ce, "Kawu, littafin nan zan zuba maka shi a waya." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Duk wanda ya san Kawu ya san wannan ba yarda ba ce, zuba ido ne.

A ido aikin ba komai ba ne: jadawali mai gida huɗu, na suna, na kaya, na kuɗi, na saura. Android na da abin da ake kira TableLayout, kowane layi a cikinsa kuma TableRow. Na gwada da gajerun sunaye, komai ya zauna daram.

Ashe Kawu ba ya rubuta suna, kwatance yake rubutawa. "Mutumin nan mai jar hula da ya zo da ɗan Hajiya ranar da aka yi ruwa." Shi kuwa TableLayout ƙa'idarsa ita ce faɗin kowane gida yana bin rubutun da ya fi tsawo a cikinsa. Mai jar hula shi kaɗai ya cinye fuskar wayar, ya tunkuɗa gidan kuɗi da na saura can gefe inda ido ba ya kaiwa. Kawu ya juya wayar, ya leƙa bayanta, ya ce, "Yaro, ita wannan yafe wa kowa ta yi?"

Na koma na raba faɗin da ma'auni, suna ya ɗauki kaso biyu, sauran kaso ɗaiɗai, na kuma yanke wa kowane layi tsayi 48dp, gwargwadon da Google ke ba da shawara ga duk abin da yatsa zai taɓa. A wayata abin gwanin sha'awa. A ta Kawu kuwa labari ya sha bamban, domin shi saboda idonsa ya ƙure girman rubutun wayarsa zuwa ƙarshe. Rubutu a Android da ma'aunin sp ake auna shi, yana kumbura idan mai waya ya ƙara girma, amma dp ko gezau. Sai rubutu ya kumbura a cikin layin da ba ya motsi. Bashin wani Alhaji na naira 1,250,000 ya karye biyu, sifili uku suka faɗa ƙasa suka ɓuya, aka bar 1,250. Kuma don ƙaddara, Alhajin yana zaune a shagon, Kawu ya miƙa masa wayar don ya ga ci gaban zamani. Bawan Allah nan take ya zura hannu a aljihu ya ce a kawo canji. Da ƙyar aka mayar da zancen wasa.

Daga nan na saki tsayin layi ya bi abin da ke cikinsa, na hana gidan kuɗi karyewa, na jingina lambobi a dama don sifili ya hau kan sifili. Amma da aka zuba littafin gaba ɗaya, sai wayar ta fara nishi, saboda TableLayout yana gina duk layukan a lokaci guda, har da waɗanda ba a kallo. Maganin wannan sananne ne tun 2014: RecyclerView. Shi dabararsa irin ta mai shayi ce. Kofi goma ne a teburinsa, amma yana shayar da unguwa guda, wanda ya gama a karɓa a zuba wa na gaba. Layin da ya fita ta sama shi ake dawowa da shi ta ƙasa, a sauya masa rubutu.

Sai Kawu ya kawo buƙata. Wanda bashinsa ya wuce wata uku, a yi masa ja. Na rubuta: idan ya wuce wata uku, layinsa ya zama ja. Shi ke nan abin da na rubuta, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa magana ce mai ma'ana. Ita na'ura ce ba ta da kara. Ba a ce mata idan bai wuce ba ta mayar da fari ba, don haka ba ta ɗauraye kofin.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukin Kawu, mahaifin uwargida, ya biyo ta shago. Dattijo ne da ya taɓa karɓar turmi biyu na sallah ya biya kafin sati ya zagayo. Kawu, da ɗoki, ya ce, "Baba, ku ga abin da ɗanku ya haɗa. Duk mai taurin bashi ja yake fitowa." Ya ja shafin ƙasa, ya dawo sama. Sai ga "Baban uwargida" jawur, daga wannan gefe zuwa wancan.

Shagon ya yi tsit. Dattijo ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ikon Allah." Kawu ya shiga goga wurin da babban yatsa, shafin ya motsa, jan ya tashi daga kan suruki ya sauka kan limamin unguwa. Ya sake ja, ya koma kan wata Hajiya da ta rasu bara ba a bin ta ko sisi. 

Na buɗe baki zan yi bayanin yadda ake sake amfani da layi. Kawu ya ce, "Rufe mini baki." Dattijo ya miƙe, ya ce a gaida gida, ya fita. Kafin magariba labari ya riga Kawu isa gida, kuma an ce daren nan tuwon da aka ajiye masa ko miya babu.

Gyaran layi biyu ne kacal: in ba haka ba, a mayar da fari. Na yi shi a tsaye a bakin shago. Bikon dattijo kuwa sai da ya ci shadda gezna yadi goma da rakiyar aminai biyu, kuma Kawu ya shigar da kuɗin shaddar a manhajar da hannunsa, a layin da ya sa wa suna "Ɗan 'yar'uwata mai kwamfuta."

Yanzu manhajar tana aiki lafiya lau, sai dai Kawu ya haramta ja a cikinta har abada. Ɗan ɗigo baƙi ake sa wa mai tsohon bashi a gefen suna. Saboda haka mai karatu, in ka san Kawu yana bin ka, kada ka ga layinka fari ka saki jiki. Sifilinka uku suna nan cif, kuma ya ce a gaya maka ƙarshen wata yake jira.