Shekarar da Na Raba wa Farfesoshi Mako

Mu 'yan Oforikrom muna da wata taƙama da ba mu yi gumin samunta ba: jami'ar KNUST a ƙasarmu take. A Janairun 1952 aka buɗe ta tana kwalejin fasaha ta Kumasi, ta zama jami'a a 1961, da aka yanke mana ƙaramar hukumarmu daga Kumasi a 2018 kuma sai ta faɗo a rabonmu. Shi ya sa ko yaron mota mai kiran fasinja a Tech Junction yake jin akwai ɗan digiri a jikinsa. Ni da na yi digirin na gaske, hukumar bautar ƙasa, wadda tun 1973 take rarraba masu digiri a Gana, sai ta tsallake maƙwabciyarmu ta jefa ni wata jami'ar daban a cikin Kumasi. Ba zan faɗi sunanta ba, don har gobe akwai masu nemana a can.

Shugaban sashe ya kira ni ofis. "Malam, an ce ka iya kwamfuta." A Kumasi, in dai daga Zongo ka fito, kai Malam ne ko Fatiha ba ka kai ƙarshenta ba. Na ce na iya, ranka ya daɗe. Ya ce to in haɗa jadawalin laccoci na wannan zangon, ƙaramin aiki ne. Anti sakatariya ta ɗago daga kan takardunta, ta yi mini kallon da ake yi wa ragon layya ana jajibirin Sallah, ta koma aikinta.

A takarda abin ba wuya. Aji huɗu ne, daga 100 zuwa 400. Kowane kwas yana da awanninsa na mako gwargwadon nauyinsa, na ɗakin gwaji kuma ba a gutsuttsura shi. Kada malami ɗaya ya faɗo a wuri biyu, kada ɗalibai su faɗo a lacca biyu, kada ɗaki ɗaya ya ɗauki aji biyu. Manyan zauruka ba na sashe ba ne, kwamitin jami'a ke rabon su, kwasa-kwasan aro irin lissafi da Turanci kuwa masu su ke fara zaɓar lokaci, kai ka lallaɓa da abin da suka rage.

Na raba wa malamai fom, kowa ya rubuta lokacin da ya fi masa. Da suka dawo sai na ga ashe makon jami'a kwana uku ne: Talata zuwa Alhamis, goma na safe zuwa biyu na rana. Farfesan sashenmu ba ya zuwa Litinin saboda "bincike", wanda daga baya na ji gonar kaji ce. Mai zama bayan Ejisu ba ya karɓar safiya, wai cunkoson hanyar Accra, kuma a nan kam ba ƙarya ya yi ba, duk wanda ya taɓa maƙalewa a Anloga Junction zai ba da shaida. Juma'a kuwa marainiya ce. Jana'izar Asante Asabar ake yi, mutum kuma ba zai isa ƙauye ranar ba sai ya kama hanya tun jajibiri. Ɗan cocin masu Asabar ya ce daga faɗuwar ranar Juma'a kada a neme shi sai an fita hutunsu.

Ban karaya ba, na koma karatu. Na gano Welsh da Powell tun 1967 sun kawo dabara: ka ɗauki kowane kwas a matsayin ɗigo, ka ja layi tsakanin duk biyun da suka haɗa malami ko ɗalibai, sannan ka shafa musu launi ta yadda masu layi a tsakani ba za su yi launi ɗaya ba. Kowane launi lokaci ne guda, kuma da kwas mafi yawan rigima ake farawa. Na kuma karanta cewa a 1976 Even da Itai da Shamir sun nuna matsalar jadawali tana cikin waɗanda har yau ba a san gajeriyar hanyar warware su ba, ko da kwamfuta. Su ukun ma ba su san Farfesa ba.

Na haɗa jadawali, kuma har yau ina kan bakana: ba shi da aibi. Na ma yi abin da babu wanda ya taɓa yi a sashen, na share ranar Juma'a daga sha biyu zuwa biyu, babu lacca ko ɗaya. Labari ya riga ni isa gida. Bayan Magariba liman ya sa mini albarka a bainar jama'a. Mma ta fara cewa ɗanta ne ke riƙe da jami'a. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko da waakye har da ƙwai, tare da saƙon cewa 'yarta tana taya ta sayarwa da safe, ko za a ɗan matsa laccar ƙarfe bakwai. Na ci waakyen kafin in duba, ashe yarinyar ba a sashenmu take ba.

Litinin ta farko na iske taro a ƙofar babban zaure: ɗalibanmu a gabas, na wani sashe a yamma, malamai biyu a tsakiya kowa da takardarsa. Zauren suna biyu gare shi, tsohon da kowa ya sani da sabon da aka raɗa masa don karrama wani mai kyauta. An ba mu da tsohon suna, an ba su da sabo. Farfesansu ya girmi namu, sai muka koma gindin bishiya. Ɗakin da takarda ta ce yana cin mutum ɗari da ashirin kuwa, da aka buɗe, karyayyun kujeru ne a ciki har rufi. Sai masu bashin kwas suka yi layi a ƙofata, ɗan aji 300 da lissafin aji 100 ke binsa, kowa da nasa karon. Na gyara, na fitar da "na ƙarshe". Na sake gyarawa, "na ƙarshen gaske". Wakilan aji suka riƙa tura wanda ya yi musu daɗi a WhatsApp, har aka wayi gari kowane aji yana bin nasa mazhabin.

Lacca ɗaya ce ba a taɓa kawo ƙararta ba, ta Laraba da yamma. Na riƙa kafa misali da ita a taron sashe, har ranar da Anti ta ce a hankali, malamin ai yana China yana karatu tun bara. Ɗalibai sun san da haka. Sunansa na cikin jerin da aka ba ni, kuma shi kaɗai ne bai yi gardamar lokaci ba.

Abin da ya gama da ni shi ne Juma'ar. Malamai suka lura akwai awa biyu da kowane ɗaki yake fanko, kowane ɗalibi kuma ba shi da uzuri. Duk wanda ya tafi jana'iza, duk wanda kajinsa suka yi mura, nan yake biyan bashin lacca. Gwaji ma nan ya koma. 'Yan Zongon da a da ɗaya bisa huɗunsu ke rasa huɗuba, yanzu dukansu suka rasa. Liman bai janye albarkarsa ba, amma ya daina tsayawa mu gaisa.

Da na rasa tudun dafawa na je wurin Anti. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wata takarda da ta sha hannu, jadawalin bara ne, wanda shi ma na bara waccan ne. A cikinsa gonar kaji ta samu Litinin ɗinta, mutumin Ejisu na shiga da hantsi, wasu malamai mata biyu da ba sa ga-maciji ba sa haɗuwa a baranda. Na ce, "Anti, me ya hana ki ba ni tun farko?" Ta ce, "Ɗana, kai aka ce ka iya kwamfuta." Muka sauya shekara, shugaban sashe ya sa hannu, ya yaba mini a taro.

Ɗan'uwa mai shirin bautar ƙasa, in aka tambaye ka ko ka iya kwamfuta, ka ce sai dai kunnawa. In kuma ƙaddara ta riga fata, ka sayi koko da ƙosai ka fara gaida sakatariya.