Sannunku da Aiki, Masu Sauke Mana Kaya

Duk wanda ya ce tausayi ya ƙare a duniya bai san masu tsara manhajojin aiki ba. Ga bayin Allah can a San Faransisko da kewayenta sun hana idonsu barci saboda abu guda: kada kan ma'aikaci ya ɗau zafi. Kowace manhaja ta fito, alkawarinta ɗaya ne, za ta sauke maka kayan da ke kanka ka samu ka numfasa. Sun fi shekara ashirin suna sauke mana kayan nan, kuma cikin ikon Allah har yau da saura. Irin wannan naci ai dole a jinjina masa.

Kada wani ya zaci da ka suke aiki. Suna da malamai. A 1956 George Miller na Jami'ar Harvard ya rubuta cewa ƙwaƙwalwar mutum abu bakwai take iya riƙewa a lokaci guda, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake auna lamarin, ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Tun 1952 William Hick a Ingila ya nuna cewa yawan zaɓi yana jinkirta yanke shawara. A 1988 kuma John Sweller na Ostareliya ya bayyana yadda bayanin da aka tsara a hargitse yake cinye ƙarfin da ya kamata tunani ya yi aiki da shi. Gwanayenmu sun haddace duk wannan tsaf, suka kuma yi aiki da shi yadda malaman ma ba su taɓa mafarki ba.

Tunda an ce kai abu huɗu yake ɗauka, sai suka bar maɓalli huɗu a fuskar manhaja. Sauran kuwa ba a zubar da ko ɗaya ba, Allah ya kiyaye asara. An tattara su an cusa bayan wasu 'yan layuka uku a lungun allo, wasu kuma bayan ɗige-ɗige uku da ke cikin layukan ukun. Aikin yaron kirki ke nan da aka sa shara ya tura dattin ƙarƙashin tabarma: ɗaki fes, baƙo ya shigo ya yaba. Abin da ya rage wa ma'aikaci kaɗan ne, ya riƙa tuna ƙarƙashin wace tabarmar aka ajiye me. A da allo ne yake riƙe masa wannan, yanzu shi yake riƙe wa allo. Masu bincike na kamfanin Nielsen Norman sun gwada a 2016, suka ga ɓoye jerin maɓallai yana sa mutane su daɗe suna lalube, wasu ma ba sa ganowa. To, sai me? Ai hoton talla ya yi kyau, kuma farin fili a allo yana sanyaya zuciyar mai zuba jari.

Sai uban gayya, jan ɗigon nan mai lamba a ciki. Mu leƙa teburin wata ma'aikaciya ranar Litinin da safe, ko a Landan take ko a Abuja. Ta buɗe kwamfuta, shayinta bai huce ba. Teams ya ɗaga mata jan ɗigo. Akwatin imel ya baƙanta sunayen waɗanda ba ta karanta ba. Manhajar jerin ayyuka ta rubuta da jan tawada abubuwan da wa'adinsu ya wuce tun Alhamis. Wayar da ke gefe ta yi ɓurr, tana maimaita mata abin da kwamfutar ta riga ta faɗa, don kada a ce an yi rowa. Ba ta taɓa aikin komai ba, amma an riga an karanta mata bashin da ake bin ta daga bakuna huɗu. A 1927 Bluma Zeigarnik ta nuna a Balin cewa aikin da ba a kammala ba ya fi wanda aka gama maƙalewa a rai. Marar basira da ya karanta wannan cewa zai yi a daina tuna wa mutum abin da ba zai iya yi yanzu ba. Masu basira kuwa suka ce a ƙirga masa su, a zagaye da ja, a manna a inda idonsa zai fara sauka. Tristan Harris, tsohon ma'aikacin Google, ya taɓa ba da labarin cewa alamar sanarwa ta Facebook shuɗiya ce da farko, ba wanda ya kula ta, sai da aka mayar da ita ja. Ka ga ilimi mai amfani: manhajar hira ta gano shi, manhajar natsuwa ta gada.

A gaida Slack, wadda ta bayyana a 2013 da niyyar 'yantar da ma'aikata daga imel. Ta cika alkawari daidai gwargwado: imel yana nan da ransa da lafiyarsa, an dai samo masa abokiyar zama. A gaida Microsoft ma bisa faɗin gaskiya. A rahotonsa na 2025 ya ce matsakaicin ma'aikaci yana karɓar imel 117 da saƙon Teams 153 a rana, waɗanda saƙo ya fi yi wa ruwa kuma ana katse su kusan kowane minti biyu. Mai Outlook da Teams ne ya zauna ya yi wannan ƙidaya, ya girgiza kai cike da alhini, sannan ya nuna mana maganin: wata basirar na'ura da shi ma yake sayarwa. Ina aka taɓa ganin ɗawainiya haka, mutum ɗaya ya kawo ciwo, ya auna zafinsa, ya kuma buɗe kantin magani? Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta ce a 2004 mutum yakan yi minti biyu da rabi a kan allo ɗaya kafin ya waiga wani, a shekarun baya-bayan nan kuwa daƙiƙa 47. Ci gaba ke nan, an ninka sauri har sau uku. Da kamfanin Salesforce ya sayi Slack a kan dala biliyan 27.7, an tabbatar da cewa natsuwar ma'aikaci tana da daraja ƙwarai, kuɗin dai ba aljihunsa suka shiga ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba su tsaya nan ba, sun san mutum yana son yabo. Todoist tana ba da maki idan ka kammala aiki, tana ƙirga kwanakin da ka jera ba fashi, tana kuma zaftare makin idan ka bar aiki ya yi kwantai. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura ya rubuta aikin da ya riga ya gama tun da hantsi, don kawai ya samu abin dannawa. Notion kuwa karamcinta ya fi haka: farin shafi take miƙa maka, ta ce gina duk tsarin da ranka yake so. Sai mutum ya kwana yana zaɓen launi da jera akwatuna, gari ya waye da kyakkyawan wurin ajiye aikin da bai fara ba. Ga kuma koren ɗigon da ke gaya wa oga kana kan kujera. Saboda shi har sana'a ta samu, ana sayar da 'yar na'urar da ke motsa linzamin kwamfuta don kada ɗigon ya canja launi. A 2024 bankin Wells Fargo ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin nuna kamar suna taɓa madannai alhali ba sa yi. Manhajar da ta koya wa mutum kwaikwayon aiki ai ta gama masa gata.

Da koke ya yi yawa, ba su yi fushi ba. A 2018 Apple da Google suka sa wa waya ma'aunin lokacin da kake ɓatawa a kanta, har ta Apple takan aiko maka sanarwa duk mako don ka san sanarwa ta yi maka yawa. Daga baya aka ɗora wa na'ura aikin taƙaita saƙonni. Ta taƙaita su da himma har gaskiyar ma ta gajarce: a Janairun 2025 Apple ya dakatar da taƙaita labarai bayan BBC ta koka cewa ana jingina mata kanun da ba ta rubuta ba. Kuskure ne na mai ƙwazo, a yafe masa.

Akwai dai 'yan baƙin ciki masu cewa nauyin ba a allo yake ba. Wai aikin mutum uku ne aka ɗora wa ɗaya, wai oga ne yake turo saƙo bayan isha'i, wai kamfanin da ke cin abinci da yawan leƙowarka ba zai koya maka rufe shi ba. Faransawa ma sun biye wa wannan gurguwar fahimta. Tun Janairun 2017 dokarsu ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatan a tsara lokacin da mutum yake da 'yancin kashe waya. Dubi ƙauyanci! Doka ba launi, ba maki, ba kuɗin wata-wata, ba sabon salo duk bayan mako biyu. Wa zai zuba jari a abin da ke sa mutum ya tashi aiki ƙarfe biyar ya tafi gida?

Don haka ranku ya daɗe, ku toshe kunne ku ci gaba. Kada ku kuskura ku ƙera maɓallin da ke rage aiki, domin ranar da kayan suka sauka da gaske, ku ne za ku fara neman abin yi.